Kyan ɗan maciji: littafin aikin sauya tayoyin tirelarmu ta kwana

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Ranar Lahadin da ta wuce taya ta fashe mana a hanya, kuma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar. Muna dawowa daga tafkin Whitney a nan jihar Texas, inda muka yi kwana biyu da yara. Mun wuce Hillsboro, mun hau babbar hanyar da ta miƙa Fort Worth, sai na ji dam! kamar an harba bindigar toka a ƙeyata. Mota ta yi wata irin girgiza, na duba madubi na ga baƙar roba tana tashi sama kamar tsumma. Uwargida ta kama salati, yara suka yi tsit. Allah ya taimake ni ban danna birki da ƙarfi ba, na saki totur na bar gudun ya mutu da kansa har muka samu gefen titi.

Ga wanda bai san irin tirelar da nake magana ba, ɗaki ne mai taya da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura a ja shi zuwa wurin hutu. A ciki akwai gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa. Amurkawa suna matuƙar son su, kuma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su. Tamu ƙirar 2019 ce, tsawonta ƙafa 26, aksil biyu, taya huɗu. A watan Oktoban bara muka saye ta a hannun wani dattijo da ya ce bai fi sau shida ya fita da ita ba. Na yarda da shi, don tayoyin da kansu sun ba da shaida: zanensu na nan daram, ko cinyewa bai fara ba.

Tayar gaba ta hagu ce ta tafi. Ba huji ta yi ba, bayanta ne ya ɓare gaba ɗaya kamar an feɗe fata, da wayoyin ƙarfen da ke ciki. Wannan ɓawon ya yi ta dukan cikin tirelar kafin na tsaya. Ya fasa madigadi, ya yage baƙin shimfiɗin da ke rufe ƙasan ɗakin, ya tsinke wayar birkin wannan ɓangaren. Da na durƙusa na leƙa, sai na ga tsakaninsa da bututun gas bai fi taƙi ɗaya ba. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Autarmu ta leƙo ta taga tana tambaya, “Abba, gidanmu ya lalace?” Na ce mata a'a, amma muryata rawa take yi.

Na sa safaya muka lallaɓa gida da gudun mil 50 a awa. Mun yi wa yara alkawarin Palo Duro, wani babban kwari kusa da garin Amarillo a arewacin Texas, in an yi hutun makaranta a watan Yuni, tafiyar da ta kai mil 350 cikin zafin bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka daga yau zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gano, har tirelar nan ta tsaya a kan tayoyin da zan iya ɗora iyalina a kansu da kwanciyar hankali.

Lahadi, 3 ga Maris

Yau na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙarƙashin tirelar da tocila, ina karanta rubutun jikin taya. Wata biyar tirelar nan tana ƙofar gidana, ban taɓa karanta shi ba. Wannan sakacina ne, na ɗauke shi.

An rubuta ST205/75R14. Haruffan ST suna nufin taya ce da aka yi don tirela kaɗai, gefenta ya fi na tayar mota tauri saboda kada ɗakin ya riƙa rangaji. Ajin ɗaukar kayanta C ne: kowace ɗaya tana ɗaukar laba 1,760, wato kusan kilo 800, amma da sharaɗin iskarta ta kai 50 a geji. Na ɗauko geji na gwada ukun da suka rage. Ɗaya 41, ɗaya 43, ɗaya 44. Ke nan ba wadda ke iya ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinta. Ni kuwa kafin mu tashi shuri kawai na yi musu da ƙafa, na ji su da tauri, na ce lafiya lau.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shekarunsu. Akwai layin da ke farawa da DOT, lambobi huɗun ƙarshensa su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Sau da yawa a fuska ɗaya kawai ake buga cikakken layin, kuma a tayoyina ta ciki yake kallo, shi ya sa sai da na kwanta. Duka biyar, har da safaya, 3118 ne. Mako na 31 a shekarar 2018, wato wajen farkon Agusta. Sun haura shekara biyar da rabi. Masu sayar da irin waɗannan tayoyi da yawa shekara uku zuwa biyar suke ba su, ko da zane bai taɓu ba. Da na matsa tocilar cikin ramukan zanen, sai ga ƙananan tsage-tsage kamar faso a dunduniya lokacin hunturu.

Tayar mota tafiya ce ke cinye ta, kana gani tana yin sulɓi ka san lokaci ya yi. Tayar tirelar hutu zama ke kashe ta. Wata goma a shekara tana tsaye wuri ɗaya, rana na dukanta, nauyi na danne gefe ɗaya. Akwai wani sinadari kamar kakin zuma da ake haɗawa cikin robar don ya kare ta daga bushewa, kuma juyawar taya ce ke fito da shi saman fata. Tayar da ba ta motsi ba ta samun wannan kariyar. Maganar dattijon da ta sa na ji daɗi, cewa sau shida kawai ya fita, ita ce ya kamata ta sa ni zargi.

Da yamma na yi waya da yayana a Kano na ba shi labari. Ya ce ai abin da jami'an kiyaye haɗurra suke ta faɗa ke nan kan tayoyin Beljiyam: zane kamar sabo, wa'adi ya daɗe da wucewa. Kyan ɗan maciji.

Asabar, 9 ga Maris

Alhaji ya zo. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma babbar mota yake tuƙawa tsakanin jihohi tun kafin na zo ƙasar nan. Ya juya fasasshiyar tayar da ƙafa, ya sa hannu ciki ya shafa, ya nuna min wani baƙin gari kamar na gawayi da ya taru.

“Ƙanena, wannan dahuwa ta yi daga ciki. Nawa kake gudu?”

Na ce, “Alhaji, yadda hanya ke tafiya nake bi, 72 zuwa 75.”

Ya girgiza kai. Ya ce in nemo masa harafin gudu a jikin tayar. Babu. Tayar ST da ba a rubuta mata wani abu daban ba, iyakarta mil 65 a awa, kimanin kilomita 105. Ya ce abu huɗu na haɗa mata: tsufa, ƙarancin iska, gudu, sannan mu je sikeli mu ga na huɗun. Taya in iskarta ta yi ƙasa, gefenta lanƙwasawa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, wannan ke haifar da zafi, zafin kuma ya saki ɗaurin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe. Daga nan sai jiran rana.

Ya taya ni haɗa wayar birki, muka loda tirelar kamar za mu yi tafiya, muka cika tankin ruwa, muka lallaɓa zuwa tashar manyan motoci da ke da sikelin CAT. Faranti uku ne a jere: ɗaya na tayoyin gaban mota, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. Takarda ta fito, aksil biyun tirela suna ɗauke da laba 6,540, kusan tan uku.

Lissafin da ya biyo baya bai yi min daɗi ba. Kowane aksil an yi shi ne don laba 3,500, biyu 7,000 ke nan. Tayoyi huɗu a kan 1,760 sun ba da 7,040. Wato tun daga masana'anta rarar da aka bari tsakanin ƙarfin aksil da ƙarfin taya laba 40 ce kacal, nauyin da bai kai rabin buhun shinkafa ba. Ni da nake 6,540, in an raba daidai kowace taya tana ɗauke da 1,635. Alhaji ya ce kaya ba sa rabuwa daidai a tirela, in jira in gani.

Masu tirela a nan suna da wani suna na zagi da suke kiran tayoyin da ke zuwa da ita daga masana'anta, suna ɗora laifin duka a kan ƙasar da aka yi su. Wataƙila wasu suna da gaskiya. Amma ni ban da bakin zagin tawa, don ban ba ta haƙƙinta ko ɗaya ba.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya ja baya. Bayan tarawihi nake ɗan zama ina duba abin da zan saya.

Na yanke shawarar hawa aji ɗaya, daga C zuwa D, girma ɗaya. Ajin D a wannan girman yana ɗaukar laba 2,040 da iska 65. Wasu sun ba ni shawarar tayar a-kori-kura mai alamar LT, amma a inci 14 zaɓin kaɗan ne, kuma LT mai girma ɗaya da ST ba ta kai ta ɗaukar kaya ba. Na bar wannan.

Na cire wili ɗaya na duba bayansa, an buga laba 1,900. Saboda haka ko tayar ta ce 2,040, iyakata 1,900 ce, don wilin ne zai fara gazawa. Aksil ma yana nan a 3,500 ɗinsa. Sabuwar taya ba izinin ƙara kaya ba ce, numfashi kawai za ta ba ni. Na kira masu wilin suka tabbatar min yana jure iska 65.

Uwargida ta ga kuɗin ta ce, “Abban yara, har safayar ma? Ai ba ta taɓa taka ƙasa ba sai ranar nan.” Na kai ta bayan tirelar na haska mata tsagewar da ke jikinta, wadda ta fi ta sauran muni saboda ita ce ke fuskantar rana kullum ba murfi. Ba ta ƙara cewa komai ba sai, “A sayi biyar ɗin.”

Asabar, 13 ga Afrilu

An sha ruwa lafiya, an yi sallah ranar Laraba. Yau na je shagon taya da na ba oda.

Goodyear Endurance na zaɓa. An fito da ita a 2017, a nan Amurka ake yin ta, kuma harafin gudunta N ne, wato mil 87 a awa. Ba wai zan yi wannan gudun ba. Ina son tazara ce tsakanin abin da nake yi da abin da tayar za ta iya jurewa. Akwai wasu masu kyau da na duba, irin su Maxxis M8008 da Carlisle Radial Trail HD, kuma na san masu amfani da su ba su da ƙorafi. Wadda na samu a kusa da girman da nake so ita na ɗauka.

Yaron shagon ya gangaro da tayoyi biyar, yana shirin ɗorawa. Na ce ya dakata. Na durƙusa ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Uku 0624 ne, mako na shida na bana. Biyu kuwa 1122, wato Maris ɗin 2022. Sun yi shekara biyu a sito. Ba su lalace ba, tayar da ke ajiye a inuwa ba ta tsufa kamar wadda ke rana, amma ni da shekaru ne za su raba ni da tayar ba cinyewa ba, me zai sa in biya cikakken kuɗi a kan wadda ta riga ta ci biyu daga cikinsu? Mai shagon ya ɗan ɓata rai, ya ce sabuwa sabuwa ce. Na ce masa da ladabi zan jira. Ya ce mako ɗaya.

Na kuma ce a cire bawul ɗin roba a sa na ƙarfe mai noti. Bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa 65 ne, daidai inda zan riƙa tsayawa ke nan, kuma ina da niyyar ɗaura na'urar auna iska a bakinsa, wadda nauyinta zai riƙa lanƙwasa na roba in taya na juyawa.

Asabar, 20 ga Afrilu

Tayoyi biyar sun hau, duka 0624. Da aiki da bawul da haraji abin ya tasam ma dala 800.

Wilin kawai na kai musu, biyu-biyu, tirelar na gida a kan jak. Ban yarda a ɗaga ta daga bututun aksil ba, don bututun ba shi da kauri, yana iya lotsawa. A jikin ƙarfen shasi na sa jak, na tokare da katako.

Tunda wili na ƙasa, muka buɗe boris ni da Alhaji. Kamfanin Dexter, masu aksil ɗin, sun ce a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000. Namu ba alamar an taɓa buɗe shi. Uku lafiya. Na huɗun, na gaba ta hagu inda tayar ta fashe, giris ɗinsa ya yi baƙi ya tsinke, kuma robar da ke tare shi ta saki har ya ɓata takalmin birki. Muka sauya boris da roba da takalman wannan aksil ɗin duka ɓangare biyu.

Notuna biyar ne a kowane wili. Na ɗaure su da sifana mai ma'auni, na saita ta a 100 kamar yadda littafin tirelar ya nuna, ina tsallake ɗaya ina kama na gaba har na zagayo. Ƙa'idar ita ce a sake dubawa bayan mil 10, da 25, da 50. Na ɗauka tsananin taka-tsantsan ne kawai. A tsayuwar farko, a filin wani masallaci, notuna shida cikin ashirin sun ƙara juyawa kafin sifanar ta yi ƙas. A mil 25 biyu. A mil 50 babu.

Da na dawo ina shigar da ita gida da baya, babban ɗana ya ƙwala min kira in zo in gani. Tayoyin gaba sun murɗe gefe ɗaya, na baya sun murɗe ɗaya gefen, kamar za su fita daga wili, ga baƙin sawu a kan siminti. Haka tirela mai aksil biyu take yi a kwana mai tsanani, don tayoyinta ba sa juyawa da sitiyari, jan su ake yi a kaikaice. Na ja gaba ƙafa kaɗan na dawo a miƙe har suka saki jiki. Ba zan ƙara barin su kwana a murɗe ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Wannan ce ranar da ta fi kowace amfani a aikin nan.

Alhaji ya haɗa ni da wani bawan Allah mai ƙananan sikeli huɗu, irin waɗanda ake turawa ƙarƙashin kowace taya. Muka loda tirelar daidai yadda muka yi a Maris. Ga abin da ya fito: gaba ta hagu 1,780, baya ta hagu 1,700, gaba ta dama 1,560, baya ta dama 1,500. Jimla 6,540, daidai da takardar tashar manyan motoci. Amma dubi rabon. Gaba ta hagu, wadda ta fashe, tana ɗauke da 1,780 alhali iyakar tsohuwar tayar 1,760 ce ko da iskarta ta cika, balle da iska arba'in da 'yan kai. Babban sikeli ya ce ina cikin ƙa'ida, ƙaramin ya nuna taya ɗaya tana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta. Na daɗe tsaye ina kallon lambar.

Dalilin a fili yake da muka shiga ciki. Kicin da firji da murhu duk a hagu suke. A kabad ɗin ƙasan kicin kuma uwargida ta jera tukwanen ƙarfe da shinkafa da man gyaɗa da katan ɗin ruwan sha, ni kuma na cusa akwatin kayan aiki a ma'ajiyar wannan ɓangaren. Sannan hancin tirelar ya ɗan sunkuya, abin da ke ƙara wa aksil ɗin gaba nauyi.

Muka ɗaga ƙwallon da ake ɗaura ta da inci ɗaya har ta daidaita. Akwatin kayan aiki da ruwan sha suka koma dama. Tankin ruwa galan 40 yake ci, kowane galan ya ɗan haura laba 8, don haka cike yake da laba 330 da wani abu. Na zubar da galan 30, tunda akwai famfo a inda za mu sauka. Wasu tarkacen da ba mu taɓa amfani da su ba suka koma gareji. Da aka sake aunawa: 1,610 da 1,620 a hagu, 1,500 da 1,490 a dama. Mafi nauyinsu tana da rarar laba 280 kafin iyakar wili, 420 kafin iyakar taya.

Uwargida ta ɗauki alƙalami ta rubuta a cikin murfin kowane kabad abin da aka yarda ya zauna a ciki.

Asabar, 18 ga Mayu

Na ɗaura na'urorin auna iska, ɗaya a bakin kowane bawul, da ƙaramin allo a gaban mota mai nuna iska da zafin kowace taya. Tun Satumbar 2007 doka ta wajabta irin wannan a sababbin ƙananan motoci a Amurka, dokar da majalisa ta yi a 2000 bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer. Tirela ba ta shiga ciki ba, alhali ita ce direba ba ya ji a jikinsa in tayarta ta fara saki. Na saita ta yi ƙara in iska ta sauka 58, ko ta haura 80.

Na gwada da tafiyar mil 40. Da sanyin safiya 65, bayan rabin awa 71. Alhaji ya ja min kunne: “Kar ka kuskura ka rage iska taya na da zafi. Hawan nan an san da shi. Da safe ake aunawa, kafin rana ta taɓa ta.”

Alhamis, 6 ga Yuni, Palo Duro

Mun iso, alhamdu lillahi. Ina rubutu ne a bakin tirela bayan isha, duwatsun kwarin sun yi duhu, yara sun yi barci.

Bayan sallar asuba na zagaya da geji, duka 65, safaya ma haka. Muka kama hanya ta 287, ta Decatur da Wichita Falls da Vernon. Wurare da yawa an yarda da gudun 75, na tsaya a 62, manyan motoci suna ta wuce mu. Allon ya nuna 72 zuwa 74, ɓangaren hagu da rana ke duka ya fi na dama da biyu.

Mun wuce Childress da kaɗan, wajen azahar, na kai ido kan allon. Baya ta dama tana sauka: 70, 66, 63. A sitiyari ban ji komai ba, a madubi ban ga komai ba. Na samu wuri mai faɗi na fita daga titi, kafin in tsaya cak ta kai 57. Kan wani sukuru ne yake ƙyalli a tsakiyar zanen, iska na fita siii. Da a Fabrairu ne, haka zan yi ta jan ta har ta dahu ta tarwatse.

Ban ma fito da jak ba. Na sayi wani tudun roba da ake sa wa a gaban lafiyayyar tayar, a ja tirela ta hau, sai maƙwabciyarta ta tashi daga ƙasa. Kwalta na ƙuna kamar kasko, sai da na shimfiɗa darduma kafin na durƙusa. Babban ɗana ya cire hularsa yana tara notuna a ciki, yana ƙirgawa da ƙarfi kada ɗaya ya ɓace. Uwargida tana riƙe da lema a kanmu. Minti ashirin da biyar muka tashi, kuma na tsaya na sake ɗaure notunan a Clarendon.

Gangaren shiga kwarin yana da tsayi da lanƙwasa, zurfin wurin ya kai ƙafa 800. Na sa giya ta ƙasa na bar inji ya riƙe mu, ina taɓa birki jefi-jefi. Duk da haka zafin da allon ke nunawa ya hau, saboda zafin birki yana bi ta wili ya shiga taya. Da muka sauka na bar su suka huce kafin na shigar da ita masauki.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na kai tayar Amarillo. Na ce a cire ta daga wili a duba ciki, kada a cusa igiyar faci daga waje kawai. Hujin na tsakiyar zane ne, bai kai rubu'in inci ba, wato milimita 6, don haka yana faciwa. Da a gefe ne, sai sabuwa. Cikinta tas, ba garin roba ba ƙuna, saboda ba ta yi tafiya a sake ba. Aka yi mata faci mai toshe ramin ya kuma manne daga ciki. Ita ce safaya yanzu.

Asabar, 22 ga Yuni

Mun dawo lafiya tun kafin babbar sallah. Na yi wa tayoyin rajista da kamfanin da lambobin DOT ɗinsu, don in an taɓa kiran wani rukuni saboda matsala a same ni. Na saya musu fararen riguna na kare rana, har da safaya, na sa katako a ƙarƙashinsu don kada su zauna a kan siminti mai zafi. A cikin ƙofar kabad na rubuta “0624, a sauya kafin bazarar 2028”. Shekara huɗu na ba su saboda zafin Texas.

Sai dai akwai abin da bai kwanta min ba. Da nake shafa zanen tayoyin yau da tafin hannu, gefen ciki na gaba ta hagu ya fi sauran cinyewa, kuma yana da kaifi in ka shafa ta fuska ɗaya. Tafiyar da ta yi ba ta kai mil 1,000 ba. Na ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba, na ga ta gaban ta ɗan karkace waje. Zargina shi ne ranar da tsohuwar ta fashe, bugun da wilin ya yi da kwalta ya lanƙwasa hannun aksil. Na tura wa Alhaji hoto, ya kira ni nan take: “Kar ka ja ta ko'ina sai an sa mata ma'auni.”

Na samu wani garejin manyan motoci da ke daidaita aksil ɗin tirela, sun ba ni Talata 2 ga Yuli da ƙarfe takwas na safe. In miƙewa zai yi, to. In sun ce sabon aksil, tafiyar Oklahoma da muka shirya a Agusta za ta jira. Shimfiɗin ƙasan ɗakin da ya yage ma har yanzu da salatif na manne shi, kuma madigadin da na yi oda bai iso ba.